Tafiya unguwar Fatih ta Istanbul da yadda ake kallon 'yan gudun hijira

Wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano, wadda take shirin zuwa Istanbul saro kaya karo na farko, ta aiko da tambaya. An kama mata masauki a Aksaray, cikin gundumar Fatih, kuma tana son idan ta gama da kasuwa ta zaga tsofaffin unguwanni da masallatai, sai dai ta ji ana cewa Turkawa sun juya wa 'yan gudun hijira baya har ana farfasa musu shaguna. Tana son sanin gaskiyar maganar, da kuma ko abin zai shafe ta, ita da take baƙar fata mai sanye da hijabi.

Hajiya, ki yi tafiyarki cikin kwanciyar hankali, domin abin da ya fi yiwuwa shi ne ki dawo kina yabon karamcin mutanen wurin. Amma labarin da kika ji ba ƙarya ba ne, kuma zan yi miki rashin adalci idan na ce miki komai lafiya lau. Na daɗe ina bibiyar al'amarin ƙaura a Turkiyya, na kuma taka mafi yawan titunan da zan ambata da ƙafata, kuma abin da na fahimta shi ne karamcin da za a yi miki da ƙuncin da ɗan Siriya yake sha duk daga kalma ɗaya suke fitowa, wato kalmar da Turkawa suke kiran baƙo da ita, misafir. Ke baƙuwa ce mai ranar tafiya. Shi kuwa an kira shi baƙo tun 2011, shekaru suka yi ta wucewa ba a sa masa ranar tafiya ba, ba a kuma ce masa ya zama ɗan gida ba.

Bari mu fara da wurin da kansa. Fatih ita ce tsohon birnin Istanbul, abin da Bakano zai kira cikin ganuwa, kuma su ma Turkawa haka suke kiranta da harshensu. Ruwa ya kewaye ta ta ɓangarori uku: Tekun Marmara a kudu, bakin mashigin Bosforus a gabas, da kuma reshen ruwan da ake kira Halich a arewa. Ta yamma kuwa ganuwar da Rumawa suka gina a ƙarni na 5 ce ta rufe ta, har yanzu tana tsaye da ƙofofinta irin su Edirnekapi da Topkapi. Sunan gundumar laƙabin Sultan Muhammad na Biyu ne, wanda ya ci birnin a 1453. A cikinta Ayasofya take, da fadar Topkapi, da Babbar Kasuwa mai rufi, da masallacin Sulaimaniyya wanda Mimar Sinan ya kammala a 1557, kuma tun 1985 hukumar UNESCO ta sanya wasu sassanta cikin wuraren tarihi na duniya. Masu yawon buɗe ido yawanci a Sultanahmet suke tsayawa, amma Fatih ta ainihi, inda mutane suke kwana suke tashi, tana yamma da nan, kuma a bakinta masaukinki yake.

Sunan Aksaray ma labarin ƙaura ne. Lokacin da Sultan Muhammad ya karɓi birnin ya same shi kusan kango, mutanensa sun ragu ƙwarai, sai ya riƙa ɗebo jama'a daga garuruwan da ya ci yana zaunar da su a ciki, Musulmi da Kirista da Yahudawa, da yawansu ba da son ransu ba. Waɗanda aka kwaso daga garin Aksaray na tsakiyar Anadolu su ne suka ba unguwar sunanta. Yau idan kika fito daga masauki za ki ji Larabci da Rashanci da Farisanci da Somaliyanci da Faransancin 'yan Afirka ta Yamma a kan titi ɗaya. Laleli, inda za ki yi yawancin cinikinki, ta bunƙasa ne tun farkon shekarun 1990 da 'yan kasuwar tsohuwar Tarayyar Sobiyet masu cika jakunkuna da tufafi su koma gida, daga baya 'yan Afirka da Larabawa suka shigo. Gangarawa wajen teku akwai Kumkapi, mazaunin shugaban cocin Armeniyawa, inda yanzu za ki ga ofisoshin aika kaya da wuraren cin abincin 'yan Afirka. A nan Aksaray ɗin ne kuma a 2015 aka riƙa sayar da rigunan hana nutsewa a fili, masu safarar mutane suna ciniki da 'yan Siriya a wuraren shan shayi kan kuɗin tsallaka teku zuwa tsibiran Girka.

Idan kina son ganin zuciyar al'amarin, ki hau tudu daga Aksaray zuwa masallacin Fatih. An gina na farko tsakanin 1463 da 1470, girgizar ƙasa ta rushe shi a 1766, aka sake gina wanda yake tsaye yanzu, kuma kabarin Sultan ɗin yana harabarsa. Wannan yanki ne na masu riƙon addini, kuma a unguwar Charshamba da ke bayansa za ki ga maza da rawani da jabba, mata cikin baƙin lulluɓi, don haka hijabinki ba zai ja idon kowa ba. Daga ƙofar masallacin akwai wani ɗan layin kasuwa da ake kira Malta, wanda a cikin shekaru goma ya koma kamar an ɗauko shi daga Halab ko Dimashƙa: ƙanshin gahawa mai haɗe da kayan ƙamshi, shawarma, kunafa, zaitun, turaren wuta, da gurasar Sham mai faɗi cikin leda. Haka ma titin Akshamsaddin da ke gangarawa daga nan cike yake da gidajen abincin 'yan Siriya. Shi wannan Akshamsaddin shehin Sultan Muhammad ne, kuma littattafan tarihin Turkawa da kansu suna cewa a Dimashƙa aka haife shi. Kusa da wurin akwai masallacin Hirka-i Sharif, inda ake ajiye alkyabbar da ake danganta wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda aka ce ya bar wa Uwaisul Ƙarni, kuma a watan azumi ake buɗe ta ga masu ziyara.

Yadda 'yan Siriya suka cika wannan yanki yana da tushe a doka, kuma wanda bai san dokar ba ba zai fahimci fushin ɓangarorin biyu ba. Rukunin farko, mutum ɗari biyu da 'yan kai, sun tsallako iyaka zuwa lardin Hatay a ƙarshen Afrilun 2011. Gwamnati ta buɗe ƙofa, ta kira su baƙi, kuma Recep Tayyip Erdogan ya riƙa kwatanta al'amarin da na Ansar da Muhajirai. Kowa a lokacin yana zaton yaƙin Siriya na 'yan watanni ne. Zuwa 2021 yawansu ya kai kimanin miliyan 3.7, wanda ya sa Turkiyya ta zama ƙasar da ta fi kowace ɗaukar 'yan gudun hijira a duniya, kuma sama da rabin miliyan daga cikinsu suna da rajista a Istanbul. Waɗanda suka rage a sansani ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran duk suna cikin gari, suna neman haya da aiki da makaranta tare da talakan Turkiyya. To amma Turkiyya, duk da ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira, ta riƙe wani sharaɗi cewa wanda ya gudo daga Turai kaɗai za ta ba cikakken matsayin ɗan gudun hijira. Saboda haka aka ƙirƙiro wa 'yan Siriya wani matsayi a 2014 mai suna kariya ta wucin gadi. Ana ba mutum kati, wanda kowa yake kira kimlik, yana samun asibiti da makarantar yara, amma katin a ɗaure yake da lardin da aka yi masa rajista, ba ya fita sai da takardar izini, kuma zamansa komai daɗewa ba ya kai shi ga zama ɗan ƙasa. Waɗanda aka ba shaidar zama 'yan ƙasa sun haura 200,000 kaɗan, kuma zaɓo su aka yi. Yaran da aka haifa a can, ɗaruruwan dubbai, su ma katin wucin gadin suke gada.

An buɗe hanyar samun izinin aiki a Janairun 2016, sai dai mai aikin ne zai nema wa ma'aikacinsa, ya kuma biya shi mafi ƙarancin albashi da kuɗin inshora, don haka mafi yawan masu aiki suka gwammace su ɗauke su a ɓoye. Ɗakunan ɗinki na ƙarƙashin gidaje a gundumomin Istanbul irin su Zeytinburnu da Bagcilar da Esenler cike suke da su, kuma ba zan yi mamaki ba idan wasu daga cikin kayan da za ki saro sun bi ta hannunsu. Wannan ne mafarin ƙorafin leburan Baturke, wanda yake ganin an karya masa farashin guminsa. Ƙorafinsa yana da gaskiya a ciki, amma a ganina ya kai ƙarar inda ba nan ba ne, domin wanda ya ci ribar arhar shi ne mai masana'anta, kuma shi ɗan Siriya da za a ba shi cikakken lada da ya karɓa da hannu biyu.

Tattalin arziki ne ya mayar da gunaguni ya zama gaba. A 2011 dalar Amurka ɗaya ba ta kai lira biyu ba, a 2024 kuwa ta haura talatin, kuma a Oktoban 2022 hauhawar farashi bisa ƙididdigar gwamnati kanta ta wuce kashi 85 cikin 100. Kuɗin haya ya tashi har gwamnati ta ƙayyade ƙarin da mai gida zai yi. A irin wannan hali jita-jita ta samu gindin zama: cewa gwamnati tana biyan 'yan Siriya albashi, suna shiga jami'a ba jarrabawa, ba sa biyan kuɗin wuta da ruwa. Masu tantance labarai na ƙasar, irin su Teyit, sun sha ƙaryata waɗannan, kuma tallafin katin Kizilay, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Turkiyya, da wasu iyalai suke karɓa daga kuɗin Tarayyar Turai yake fitowa, cikin Yuro biliyan 6 da aka yi alkawari a yarjejeniyar da ta ƙulla da Turkiyya a Maris 2016 don hana tsallakawa Turai. Ita kanta yarjejeniyar ta bar wa Turkawa da yawa ɗaci a rai, domin suna ganin Turai ta biya su ne su zame mata masu gadin ƙofa, kuma a wannan ina ganin ba su yi kuskure ba. Akwai kuma tsohon miki. An daɗe ana koya wa Turkawa cewa Larabawa sun ci amanar Daular Usmaniyya a boren 1916, sannan Jamhuriyar da Ataturk ya kafa ta sauya haruffan Larabci da na boko a 1928. Shi ya sa allon shago da rubutun Larabci, wanda a wurinki ba komai ba ne, yake tayar wa wasu hankali, har a 2019 hukumomin Istanbul suka fara tilasta cewa kashi 75 cikin 100 na rubutun allo ya zama da Turkanci. Binciken da Farfesa Murat Erdogan yake gudanarwa a kai a kai kan wannan batu ya nuna cewa a shekarun baya-bayan nan sama da kashi 80 cikin 100 na Turkawan da aka tambaya suna son 'yan Siriya su koma ƙasarsu, kuma wannan ra'ayi ya ratsa masu addini da marasa damuwa da shi, magoya bayan gwamnati da 'yan adawa.

Fatih ta kasance a tsakiyar wannan siyasa. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2019 'yar takarar jam'iyyar IYI, Ilay Aksoy, ta rataya ƙyallaye a titunan gundumar tana cewa ba za ta miƙa Fatih ga 'yan Siriya ba. Ba ta ci zaɓen ba, amma jam'iyya mai mulki ta rasa kujerar magajin garin Istanbul baki ɗaya a watan Yuni, kuma a watan Yuli ofishin gwamna ya ba duk ɗan Siriyar da rajistarsa take wani lardi wa'adin barin birnin. A Janairun 2021 aka rufe Fatih da Esenyurt ga sababbin masu neman izinin zama daga cikin baƙi, a 2022 kuma aka sa doka a faɗin ƙasa cewa unguwar da baƙi suka kai kashi 20 cikin 100 na mazaunanta ba za a ƙara yi wa wani rajista a cikinta ba, abin da ya shafi unguwanni sama da dubu. Umit Ozdag ya kafa jam'iyyar Zafer a 2021 kusan a kan wannan batu kaɗai, kuma a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na Mayun 2023 allunan ɗan takarar adawa Kemal Kilicdaroglu sun fito ƙarara suna cewa 'yan Siriya za su tafi. Farfasa shagunan da kika ji labari ya faru da gaske. Mafi muni su ne na Altindag a Ankara cikin Agustan 2021, bayan an kashe wani matashi Baturke a faɗa, da na Kayseri a ƙarshen Yunin 2024, bayan an zargi wani ɗan Siriya da cin zarafin ƙaramar yarinya. A duka biyun laifin da ake tuhumar mutum ɗaya da shi aka ɗora wa unguwa guda, aka ƙona motoci da shaguna, mata da yara suka kwana a ɓoye. Ba ni da wani uzuri da zan nema wa wannan, komai tsadar rayuwa.

Da wannan a ranki nake so ki gangara daga Charshamba zuwa Fener da Balat a bakin Halich, domin nan ne na fi ganin tarihi yana magana da yau. Yawancin masu zuwa suna zuwa ne don ɗaukar hoto a gaban gidaje masu launi-launi da matakala masu fenti, su sha gahawa su tafi. Amma Balat unguwar Yahudawa ce ta ɗaruruwan shekaru, kuma ta cika ne bayan 1492, lokacin da sarakunan Sifaniya suka kori Yahudawan Andalus, Sultan Bayazid na Biyu ya karɓe su. Majami'arsu ta Ahrida, wadda ta girmi zuwan nasu, tana nan, ko da yake ba a shiga sai an nemi izini tun da wuri. Fener kuwa unguwar Girkawa ce, kuma tun wajen 1600 mazaunin babban limamin Kiristocin Otodoks yake a cocin Saint George da ke can. A kan tudu za ki hango wani jan gini kamar fada, makarantar Girkawa ce da aka gina a farkon shekarun 1880, a bakin ruwa kuma akwai cocin Bulgeriyawa da aka ƙera sassansa da ƙarfe a Biyana aka haɗa shi a 1898.

Mutanen da suka gina waɗannan kusan duk sun tafi. Harajin dukiya na 1942 ya fi faɗa wa waɗanda ba Musulmi ba har ya karya da yawansu. Kafa Isra'ila a 1948 ya kwashe talakawan Yahudawan Balat. A daren 6 zuwa 7 ga Satumban 1955 gungun mutane suka afka wa shaguna da gidaje da coci-cocin Girkawa a faɗin Istanbul bayan labarin harin bam a gidan da aka haifi Ataturk a Salonika ta ƙasar Girka. A 1964 kuma rikicin Kubrus ya sa aka kori masu riƙe da takardun ƙasar Girka. Gidajen da suka bari, mutanen karkara daga yankin Baƙin Teku ne suka shige su, daga baya Kurdawan da rikicin shekarun 1990 ya raba da ƙauyukansu suka biyo, sannan 'yan Siriya marasa hali suka kama ɗakunan da suka fi lalacewa a nan da kuma kangwayen da ke bayan Sulaimaniyya. Daga 2003 aka fara gyaran gidajen Fener da Balat da tallafin Tarayyar Turai, unguwar ta yi kyau, haya ta tashi, kuma yanzu talakawan kowane ɓangare ne suke ficewa. Dattijon da zai zauna a ƙofar gidansa yana cewa baƙi sun ɓata unguwa, sau da yawa mahaifinsa ne ya zo da ƙunshin kayansa daga Kastamonu ko Rize, kuma shi ma an taɓa kiransa baƙauye. Miliyoyin Turkawa jikokin waɗanda ake kira muhajir ne, wato Musulmin da suka gudo daga Kirimiya da Kafkas da ƙasashen Balkan yayin da daular take tsukewa, har zuwa sama da mutum 300,000 da suka tsallako daga Bulgeriya a 1989. Bambancin shi ne waɗancan an ba su ƙasa da takarda aka ce sun zo gida.

Daga Balat, jirgin kan titi mai lamba T5 zai kai ki Ayub Sultan cikin 'yan mintuna. Yana wajen ganuwa, a wata gunduma dabam, amma ziyarar Fatih ba ta cika ba sai da shi. A nan ne kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda, sahabin da ya sauki Manzon Allah a gidansa lokacin hijira zuwa Madina, wanda ya rasu a yaƙin da Musulmi suka kawo wa wannan birni zamanin Mu'awiya. Akshamsaddin ne aka ce ya gano wurin kabarin bayan 1453, kuma a nan ake ɗaura wa sababbin sarakunan Usmaniyya takobi. Ban taɓa tsayawa a wannan haraba ba tare da raina ya sosu ba, ganin cewa mutumin da birnin ya fi girmamawa darajarsa ita ce ya karɓi mai hijira. Kuma ya kamata a faɗi gaskiya: Turkawa da yawa sun riƙe wannan amana. Akwai maƙwabtan da suka tara wa iyalan Siriya katifa da tukunya, malaman makarantar da suka koya wa yara Turkanci bayan an tashi, likitoci, lauyoyi masu bin shari'ar waɗanda aka tsare kyauta, da waɗanda suka fito suka la'anci abin da aka yi a Kayseri. Ƙasar ta ɗauki nauyin da ƙasashen da suka fi ta arziki suka guje masa. Mu muna cewa baƙonka Annabinka, amma mu ne kuma muke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Su ma suna da karin maganar cewa baƙunci kwana uku ne. Wanda ya san zaman zango ya san yadda waɗannan maganganu biyu suke zama a bakin mutum ɗaya.

Game da ke kanki, ga abin da nake tsammani. A Laleli ke abokiyar ciniki ce, za a ce miki hosh geldiniz, wato barka da zuwa, ki amsa da hosh bulduk, a kawo miki shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. A masallatai tsofaffin mata za su matsa miki wuri, wasu su tambaye ki daga ina kike, kuma ambaton Najeriya tare da sallama yakan buɗe fuska. Idan kika ga mutum yana aiki ki ce masa kolay gelsin, daidai yake da sannu da aiki a wurinmu, kuma suna jin daɗinsa ƙwarai daga bakin baƙo. Za ki gamu da kallo, musamman daga yara da kuma a unguwannin da baƙar fata ba su cika shiga ba, yawancinsa na mamaki ne. Mai yiwuwa direban tasi ya wuce ki ko wani ya ɗaure fuska a cikin jirgi. Ba zan ɓoye miki ba cewa 'yan Afirka mazauna birnin suna fuskantar abin da ya fi haka, a wajen neman haya da wajen 'yan sanda, kuma har yau ana tuna Festus Okey, ɗan Najeriyar da aka harbe a ofishin 'yan sanda na Beyoglu a 2007, wanda shari'arsa ta ja sama da shekara goma. Idan kina jin Larabci za ki yi amfani da shi sosai a Malta da Aksaray, amma da Baturken da ba ki sani ba gara ki fara da sallama da 'yan kalmomin Turkanci, domin wasu da jin Larabci suke sauya fuska.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne takardunki. Tun tsakiyar 2023, bayan Ali Yerlikaya ya zama ministan cikin gida, aka baza motocin binciken baƙi a wuraren taruwar jama'a, kuma Aksaray na cikin inda aka fi ganinsu. Suna tsayar da mutum su duba fasfo ko su ɗauki hoton yatsa, wanda takardarsa ba ta cika ba a wuce da shi cibiyar tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Saboda haka kada ki bar fasfonki a masauki ko a hannun dillali, ki riƙe shi a jikinki tare da katin masaukin, kuma kada ki ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin bizarki. Idan aka tsayar da ke ki miƙa cikin natsuwa, yawanci minti biyu ne. Ki kula da jakarki a jirgin T1 da ke bi ta Aksaray da Laleli zuwa Sultanahmet, saboda cunkoso, kuma lungunan Aksaray da Kumkapi bayan dare ya yi nisa ba wurin tafiyar mace ita kaɗai ba ne. Ina kuma roƙonki abu biyu. Kada ki ɗauki hoton yaran da ke wasa a gaban kangwaye ba tare da izinin iyayensu ba, domin an mayar da talaucinsu abin kallo fiye da kima. Sannan idan mai shago ɗan Siriya ne, kada ki fara tambayarsa yaushe zai koma gida, ko da da kyakkyawar niyya, domin tambaya ce da ya sha ji daga bakin masu son ya tafi.

Tambayar ta ƙara nauyi tun 8 ga Disamban 2024, ranar da gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi, lokacin da dubban 'yan Siriya suka cika harabar masallacin Fatih da tutoci suna kuka suna kabbara. Daga nan ɗaruruwan dubbai sun koma, adadin masu katin wucin gadi, wanda dama ya riga ya sauko ƙasa da miliyan 3, ya ƙara raguwa, kuma zafin maganar a siyasa ya ɗan lafa. Za ki tarar wasu shagunan Malta sun sauya hannu. Waɗanda suka rage da yawansu masu yara ne a makaranta, yaran da Turkanci ya fi zama a bakinsu fiye da Larabci, ko kuma waɗanda gidajensu a Halab da Homs suka zama ƙasa, kuma har yanzu dokar tana kiransu na wucin gadi.

Idan kwanakinki sun ba da dama, ki ware ranar Laraba. Ran nan ne kasuwar mako take ci a titunan da ke kewaye da masallacin Fatih, kuma sunan unguwar Charshamba ma ma'anarsa Laraba ce. Ki fara da hantsi, ki yi azahar a masallacin, ki ci abincin rana a Malta, ki gangara Fener da ƙafa da takalmi marar tsini saboda tudun yana da tsauri kuma duwatsun suna da santsi, sannan ki hau T5 ki riski la'asar a Ayub Sultan.